Taken Kaura Gagare

A shekarar da Sarkin Kwalbo ya aiko wa Birnin Gangau cewa ko su kawo gandu, wato harajin biyayya, ko su shirya yaƙi, Waziri Ɗalhatu ya aika a kira masa Sarkin Kotso Tunau. Bayan la'asar ne, ɗalibai sun watse, saura littattafai a kan buzu da ƙamshin tawada. Tunau ya tuɓe takalmi ya durƙusa a bakin zaure, inda makaɗa suka saba tsayawa.

"Matso ciki, Sarkin Kotso," in ji Waziri.

"Allah ya gafarta Malam, nan ma ina ji. Mu nan ne wurinmu."

"Yau dai ba nan ba ne. Matso."

Shi wannan Waziri baƙo ne a Gangau. Daga gabas ya zo yana saurayi da gafakarsa, karatu ya ɗaga shi har ya zauna a hannun daman Sarki Mazadu. Mutum ne marar hayaniya, ba ya ɓata magana. Da Tunau ya zauna, sai ya tafi kai tsaye.

"Gobe za a yi fadanci a kan saƙon Kwalbawa. Ni da kai mun san yadda za ta kasance. Kaura Gagare zai iso ƙofar fada da hankalinsa a jikinsa, kai kuma ka tare shi da takensa. Kafin ya kai gaban Sarki idonsa ya kaɗa, ya zare takobi ya ci alwashi, samari su ɗauki ihu. Daga nan duk wanda ya ce a tsaya a yi tunani ya zama matsoraci. Haka muka yi a yaƙin Rafin Gora, ka san yawan matan da suka shiga takaba. Abin da nake nema, gobe kaɗai, ka bar shi ya shigo shiru. Ina so in yi magana da Gagare mai 'ya'ya da jikoki, ba Gagaren cikin waƙarka ba."

Al'adar Gangau ce, ranar fadanci kowane basarake in ya iso ƙofar fada sai Sarkin Kotso ya kaɗa masa takensa kafin ya shiga. Taken Kaura kuwa Tunau da kansa ya ƙaga shi, tun suna samari, shi yana bin ubansa da amshi, Gagare yana riƙe wa wani doki.

"Malam," in ji Tunau, "a zamanin kakanni, in aka bar basarake ya shiga fada ba take, to Sarki ne ya sallame shi. Haka ake tuɓe manya, don kada a kunyata su da baki."

"An taɓa yi a gabanka?"

"A'a. Ubana ne ya ba ni labari, shi ma yana ƙarami ya gani."

"To wa ya rage da zai tuna? Ba kai ne ka ce wa Shamaki yanzu ba mai sauraronka ba?"

Tunau ya faɗa kuwa, kuma ya yarda da abin da ya faɗa. Zamani ya juya a Gangau. 'Ya'yan sarakuna da a da suke haddace taken iyayensu yanzu zauren Waziri suke cikawa. In Tunau yana kiɗa a ƙofa, fadawa hirarsu suke yi ta farashin gishiri. Ya kai ga in ya koma gida ya rataye kotso yakan tsaya yana kallonsa, ya ce fata ce da itace, shi kuma tsohon maroƙi ne da ya ƙare rayuwarsa yana ihu a bakin ƙofar mutane.

"Me kake so a madadi?" Waziri ya tambaya. "Riga? Doki?"

"Rigunan da ke gidana sun ishe ni har likkafani. Allo nake so, Malam. Ka koya mini karatu, a cikin zauren nan, ba a bakin ƙofa ba. Ranar da ubana ya rasu Liman bai zo ba, wani ɗalibinsa ya aiko, shi ma a gurguje ya yi sallar kamar wanda ake jira. Mutumin da ya yi wa sarakuna uku kiɗa! Ranar Jumma'a wajen takalma muke sahu. Ina so kafin in mutu in buɗe littafin Allah in karanta da bakina, in ga ko kan nan nawa kai ne irin na mutane."

Waziri bai yi dariya ba, wannan kuwa ya ƙara masa girma a idon Tunau. Ya miƙa hannu ya ɗauko sabon allo ya ajiye a tsakaninsu.

"Jibi da hantsi ka zo. Gobe kuma ka riƙe hannunka."

"Na yarda."

Da ya shiga gida da allon a hammata, matarsa Tasalla tana tankaɗe, ta ɗaga kai ta dube shi.

"Sarkin Kotso, na wa ka ɗauko?"

"Nawa ne."

"Da furfurar taka? To Allah ya sa albarka. Me ka bayar aka ba ka? Waziri ba ya kyauta haka kawai."

Ya gaya mata. Ta ajiye rariya.

"Gagare za ka yi wa haka? Mutumin da ko tari ka yi a bayan gari sai ya ce muryar Tunau ce?"

"Yini ɗaya ne. Ba ma zai lura ba. Wa ke lura da mu yanzu?"

"Kai ne dai ka daina lura da kanka," ta ce, ta koma kan tankaɗenta.

Washegari da sassafe, ƙudan zuman da ke cikin kukar ƙofar fada tun kafuwar birnin suka tashi gaba ɗaya, suka yi duhu a sama, suka nufi yamma. Tsofaffi suka yi ta kallon juna. Tunau ya gani, ya san ba alamar alheri ba ce, amma ya riga ya ba da baki.

Sarakuna suka fara isowa. Ya kaɗa wa Galadima nasa, ya kaɗa wa Madawaki, ya kaɗa wa Sarkin Baka. Sai ga Kaura Gagare, ƙato baƙi mai tabon mashi a kunci, ya sauka daga doki yana murmushi, don yana ganin abokinsa yakan fara murmushi. Ya tsaya inda ya saba tsayawa. Tunau ya sunkuyar da kai, ya ɗora tafin hannu a kan fatar kotso.

Hirar gishiri ta tsaya cak. Ashe suna ji. Duk shekarun nan da yake ganin ba mai sauraro, kunnensu na wurin, kuma ba tsoho ko yaro a ƙofar nan da bai san ma'anar wannan shirun ba. Kaura ya ɗan jira. Murmushin ya bar fuskarsa a hankali. Bai dubi Tunau da fushi ba, don a ganinsa makaɗi umurni aka ba shi. Ya gyara rawani ya shiga.

Sarki Mazadu kuwa yana can cikin gida lokacin da ake wannan, shi ne ƙarshen fitowa, bai ji kiɗa ba balle ya ji shiru. Yana zama a kan gado sai ya ga Kaura ya taso, ya kwance takobin sarauta ya ajiye a gabansa.

"Allah ya ba Zaki nasara. Na bauta wa ubanka, na bauta maka. Ga takobin gidanku. Allah ya tsare Gangau."

Sarki matashi ne, kuma an daɗe ana raɗa masa cewa Kaura yana yi masa kallon yaro. Ya ɗauka raini ne, a ranar da abokan gaba ke bakin iyaka. Girman sarauta ya hana shi tambayar dalili. Ya kau da kai ya ce, "A karɓa." Fadawa kuma ba wanda ya buɗe baki, don kowa ya tabbata Sarki ne ya hana kiɗan, wa zai tambayi Sarki abin da ya aikata? Kafin azahar Kaura ya kwashe iyalinsa da mayaƙansa sun bar birni, sun nufi garinsa na gado a Dutsin Gora.

Aka shigo da manzon Kwalbo. Ya tsaya bai durƙusa ba.

"Ubangidana, mai Kwalbo da kogunanta, yana gaishe da ƙanensa Sarkin Gangau. Ya ce damina ta kama, ba ya son ya ɓata muku shuka. Ku aiko da hatsi da dawaki da bayi kamar yadda sauran garuruwa suke yi, ku zauna lafiya. In kun ƙi, zai zo ya ɗiba da hannunsa."

Galadima, dattijo mai son zaman lafiya, ya ce, "Allah ya taimaki Sarki, hatsi yana sake tsirowa. A ba shi bana, kafin baɗi mu ga abin da Allah zai yi."

Madawaki ya so ya ce a fita a tare su a mashigin kogi, amma ya waiga wurin zaman Kaura ya ga ba kowa, sai ya fasa.

Waziri ya miƙe. "Zaki, wanda ya ba da gandu bana zai bayar har jikokinsa. Wanda kuma ya fita fili da Kwalbawa ya ba su abin da suke so, don sun fi mu dawaki. Kakanninka ba su gina ganuwar nan don ado ba. A gyara ta, a kwaso hatsin ƙauyuka, a jera 'yan baka a sama, a rufe ƙofofi. Baƙo ne shi, ruwa zai dake shi, ciyawa ta ƙare masa, ya koma."

Ba ihu, ba alwashi, aka auna magana aka ga tasa ta fi nauyi. Sarki ya sallami manzo hannu wofi. Waziri ya samu fadancin da yake so.

Tunau kuma ya samu allonsa. Kullum da hantsi yana cikin zaure tsakanin magidanta masu karatun manyan littattafai, shi yana fama da baƙaƙe. Wasu suna yi masa ba'a, "Sarkin Kotso, a sa wa karatun amshi mana ko ya fi shiga!" Ya yi dariya tare da su. Kan da ya riƙe taken sarakuna da sunayen kakanninsu bai sha wuya ba. Ranar da ya haɗa baƙi da wasali ya karanta layi guda shi kaɗai, ba wanda ya biya masa, sai da ya fita bayan zaure ya share hawaye. Bai taɓa jin daɗi irin wannan ba, ko ranar da aka naɗa shi. Daɗin nan shi ya rufe masa baki. Kullum yakan ce gobe zai nemi Shamaki, mai kai magana gaban Sarki, ya faɗi gaskiya, gobe ta yi ya ɗauki allo.

Labarin tafiyar Kaura ya riga manzo isa Kwalbo. Sarkinsu da ya yi niyyar aiko da wani barde sai ya taso da kansa, da duk abin da yake da shi. Suka kewaye Gangau lokacin da gero ya kai ƙugu, suka saki dawaki a gonaki. Ganuwa ta riƙe, kamar yadda Waziri ya ce, 'yan baka sun hana kowa matsowa. Amma ciyawa ba ta ƙare wa baƙo ba, shukar Gangau yake ci. Mutanen ƙauye da ba su samu shigowa ba aka ɗaure su a igiya ana wucewa da su a gaban idon 'yan'uwansu. A cikin birni rumbuna suka fara nuna gindi, aka koma dafa ganye.

Wata rana a fada, Tunau yana durƙushe a bakin ƙofa, ya ji Sarki ya ce da ɗaci, "Da Gagare bai gudu ya bar ni ba, da ba mu ga wannan ba."

Gudu. Nan Tunau ya tabbata har yanzu Sarki bai san komai ba. Ya bi Waziri gida.

"Malam, Sarki yana cewa Kaura ya gudu. Kaura yana can yana cewa Sarki ya kore shi. Mu biyu kaɗai muka san ba haka ba ne."

"Na sani," in ji Waziri. Ya rame, idanunsa sun faɗa, don a kan ganuwa yake wuni. "Wallahi sanyaya shi na so in yi, ban nufi korarsa ba. Na raina al'adarku, kai ma ka taya ni rainawa. Amma in ka faɗa wa Sarki yau, kaina da naka zai cire, to wa zai riƙe ganuwar?"

"To zan je wurin Kaura."

"Je ka. Amma ka bar kotson a gida, Sarkin Kotso. Da baki za ka yi masa magana."

Tunau ya ce to, amma ya je gida ya ratayo kotsonsa a kafaɗa. Makaɗi ba ya tafiya hannu sake, kuma shi ne takardar wucewarsa, don a ƙasashen nan ba a kashe makaɗi. Da safe aka zura shi da igiya ta bayan ganuwa. Masu gadin Kwalbawa suka kama shi, suka ga kotso, suka fashe da dariya.

"Yunwa ta koro maroƙinsu! Tsoho, yi wa Sarkin Kwalbo kirari mu ji."

Ya yi musu. Ya zuga sarkin da ke cinye garinsu har suka jefa masa guntun nama suka ce ya wuce. Yana tafiya yana tunanin cewa abin da ya cece shi shi ne abin da ya dame shi tun yana yaro, ba a lissafa shi cikin maza.

Ya iske Kaura a Dutsin Gora a gindin tsamiya, ba rawani, yana ɗinkin linzami da hannunsa. Kaura ya ɗaga kai.

"A'a, Tunau! Kai ma an kore ka? Ko an aiko ka ka ƙara mini wani shirun?"

Tunau ya zube. "Kaura, ba wanda ya aiko ni, yau ko wancan karon. Sarki bai hana takenka ba. Bai ma san an hana ba. Ni ne."

Ya kwashe duka ya faɗa, har allon. Kaura ya ajiye linzami. Ya yi wata dariya marar daɗi.

"Allo. Ni na zauna nan ina ta bincikar kaina, wane laifi na yi wa yaron nan, ashe da allo aka yi musayata. To ka iya kuwa?"

"Na fara haɗa baƙi."

"Madalla, ba a yi asara duka ba. Kai Tunau, tsohon banza! Me ya hana ka zo ka ce mini karatu kake so? Da na ɗauko maka malami daga ko'ina ne na ajiye maka a gida."

"Kunya, Kaura. Kuma na ɗauka kiɗan nan ba ya wa kowa komai. Na ɗauka kai ma don sabo kake tsayawa."

"Don sabo?" Kaura ya girgiza kai. "Bari in gaya maka abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Ni matsoraci ne kamar kowa. Duk ranar yaƙi cikina ruwa yake yi. Sai na ji ka kira sunan uwata a cikin taken nan, sannan in zama mutumin da kake faɗi. Kai ka yi Gagare, ni dai na ba da jiki ne." Ya miƙe. "Malamin naka kuma bai yi ƙarya ba. Da na zauna nan ba mai kaɗa mini, na tuna mutanen da na kai Rafin Gora, da na jira kaɗan da suna raye. Tashi. Za mu je, amma wannan karon da hankali."

Mayaƙan da ke tare da shi ba su da yawa, sauran sun watsu gonakinsu. Ya aika a tattaro su, ya aika wa dangin matarsa na Tudun Marke su kawo gudummawa, shi kuma ya yi gaba da waɗanda ke hannu don ya ga yadda abokan gaba suka zauna. Suka hau wani tudu mai duhuwar itatuwa a yammacin birni, inda ake hango sansanin Kwalbawa da ganuwa duka.

"Nan za mu ɓuya sai sauran sun iso," Kaura ya ce wa manyan yaransa. Ya juyo wurin Tunau. "Kai kuma ka riƙe hannunka sai na ce maka. Wancan karon wani ka riƙe wa, yau ni nake roƙo."

Suka zauna jira. Da rana ta ɗaga, suka ga Kwalbawa sun turo amalanke cike da ƙirare da busasshiyar ciyawa, suna kare kansu da garkuwoyin fata, sun nufi Ƙofar Yamma. Hayaƙi ya tashi. Ana jin kururuwar mata daga cikin birni har kan tudun. Kaura ya dubi ƙofar da idon wanda ya san ta, ya ce itacen kirya ne mai kauri, an kuma cike bayanta da ƙasa, za ta kai gobe. Amma mayaƙansa suka fara gunaguni. Tunau yana jin su a bayansa.

"Tun da aka tuɓe shi zuciyarsa ta mutu."

"A da Kaura ne zai ga wuta a ƙofar Gangau ya zauna?"

"Mutumin da ya shiga fada ba take, me ya rage masa?"

Kowace kalma a kan Tunau take sauka. Shi ya jawo wa abokinsa wannan, kuma maganin yana rataye a kafaɗarsa. Tasalla tana bayan ƙofar can. Ga shi kuma, karo na farko cikin shekaru masu yawa, ya san abin da hannunsa zai iya, Kaura da bakinsa ya gaya masa. Wannan sanin ya hau masa kai kamar giya. Bai san lokacin da ya matse tsarkiyar kotso ya saki hannu ba.

"Gagare ɗan Lanti, ƙofar yamma ta Gangau!
Kowa ya kwana birni kai ka kwana waje,
Na Lanti, in ka juya baya wa za ya tsaya?"

Ba 'yan amshi, sai mayaƙan suka karɓa da kansu, murya ɗaya, har tsuntsaye suka watse daga itatuwa. Kwalbawa suka juyo suka dubi tudun. Ɓuya ta ƙare. Kaura ya rufe ido, da ya buɗe sun kaɗa jawur. Ya dubi Tunau, ba fushi a fuskarsa, har da ɗan murmushin nan.

"Ka kashe ni, Tunau. To ƙara, kada ka tsaya."

Suka gangara. 'Yan tsiraru ne, amma Kwalbawa da suka ji taken da aka ce musu an binne sai suka ɗauka duk rundunar Gangau ce ta zagayo musu ta baya. Masu tura wuta suka zubar da garkuwa. Kaura ya keta tsakiyar sansani ya nufi laimar sarkinsu, mashi yana shiga yana fita, Tunau yana biye a ƙasa yana kiɗa har fatar yatsunsa ta tsage. Waziri yana kan ganuwa ya gani. Bai ɓata lokaci ba, ya sa aka buɗe Ƙofar Kudu, Madawaki da 'yan baka suka fito suka afka wa Kwalbawa ta gefe. Kafin la'asar Sarkin Kwalbo ya tsallake kogi da abin da ya rage masa, ya bar laima da tambura.

An sami Kaura kusa da laimar, kibiya a wuya, mashi a ciki. Cikin waɗanda suka gangaro tudun tare da shi kaɗan ne suka ga faɗuwar rana. Gudummawar Tudun Marke ta iso washegari da hantsi, mutum birjik, ba su tarar da aikin komai ba sai haƙa kaburbura.

Sarki Mazadu ya yi kuka a kan gawar, ya ce Gagare ya yi fushi amma ya huce. Ya sa wa Tunau alkyabba a gaban jama'a, ya kira shi wanda ya dawo wa Gangau da takobinta. Tunau ya karɓa, ya dubi Waziri, Waziri ya dubi ƙasa. Bayan an share makoki Waziri ya ba da shawara cewa daga yau kada a sake kaɗa take a ƙofar fadanci ko a fagen yaƙi sai da izinin Sarki, a bar kiɗa ga suna da biki. Ba wanda ya yi musu. Da aka tambayi Sarkin Kotso, ya ce shi ma haka ya gani.

Tun daga nan Gangau ta zama garin ganuwa da malamai. Waziri ya buɗe zaurensa ga 'ya'yan makaɗa da na mahauta da na maƙera, wasu suka ce tuba yake yi, wasu suka ce dabara ce. Tunau ya ci gaba da zuwa da hantsi har ya sauke, ranar Jumma'a kuma aka matsa masa wuri a cikin sahu. Wani lokaci magidantan zauren sukan ce ya ɗan rera musu taken Kaura su ji, sai ya ce ya manta. Sau ɗaya ne wani ya matsa masa, ya ce, "Na raina abin nan ya kori mutum, na yarda da shi ya kashe shi. Da na san karatu tun ina yaro wataƙila da na san yadda ake auna shi. Ku dai ku yi karatunku."

In za a raba riba da asara, Sarki ya tsira da gadonsa, bai kuma taɓa sanin yadda aka yi ba. Waziri ya samu fada ba mai ja da shi har ya mutu. Jikokin makaɗa sun samu shiga cikin zaure, yau a cikinsu har da alƙalai. Kaura Gagare da mutanen Dutsin Gora su suka biya, da matansu. Shi kuwa Tunau an ba shi duk abin da ya nema a cinikin, ba a rage masa komai ba, kuma shi kaɗai ne cikin waɗanda suka ci riba ba a ƙara jin dariyarsa a Gangau ba.